BABI NA BIYU: TUSHEN CACAR ƘWALLO DA YADDA LISSAFINTA YAKE

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo dalilin gudanar da wannan bincike da muhimmancinsa da kuma farfajiyarsa, wato unguwar Nassarawa G.R.A. da ke cikin birnin Kano. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bayyana tushen ita kanta cacar ƙwallo, domin ba zai yiwu a nazarci kalmomi da sarar da matasa suka ƙirƙira a kanta ba, sai an san abin da suke nufi da su. Saboda haka za a dubi ma'anar caca a wurin Bahaushe, da hanyar da cacar ƙwallo ta biyo ta shigo Kano, da ire-irenta, da yadda ake yanka farashinta. Haka kuma za a leƙa ƙasar Amurka, inda aka ƙago dabarar nan ta ba da rata a wasan ƙwallonsu na zari-ruga, domin a can ne lissafin wannan sana'a ya fi fitowa fili.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, yawancin masu yin wannan caca sun ɗauka cewa karawa suke yi da sa'a, ko kuma gwada sanin ƙwallo suke yi. Alhali kuwa ciniki ne, wanda tun kafin a busa usur an riga an cire wa mai shago ribarsa daga cikin farashi.

2.1 Ma'anar Caca a Wurin Bahaushe

Caca ita ce mutum biyu ko fiye su zuba dukiya a kan wani abu da ba a san yadda zai kaya ba, bisa sharaɗin wanda abin ya faɗo wa daidai ya kwashe na sauran. Idan aka lura da wannan ma'ana za a ga tana da ginshiƙai uku. Na farko akwai abin da aka zuba. Na biyu akwai rashin tabbas. Na uku kuwa, cin wani shi ne asarar wani, domin babu wata sabuwar dukiya da aka samar a tsakani.

Caca ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Tun kafin zuwan Turawa ana yin ta da wuri, wato kuɗin wancan zamani, inda ake watsa shi a ƙasa a dubi nawa suka kife nawa kuma suka buɗe. Daga baya karta ta shigo, ta zama ita ce fitacciya. To amma duk da daɗewarta, al'ada ba ta taɓa ba ɗan caca daraja ba. Akan jera sunansa da na mashayi da ɓarawo, kuma iyaye ba su cika yarda su ba shi auren 'yarsu ba idan bincike ya tona halinsa. Wannan ne ya sa a da ake yin ta a ɓoye, a kangaye da bayan ganuwa da gefen kasuwa.

Ta fuskar addini kuwa, Alƙur'ani mai girma ya ambaci caca da sunan maisir a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, sa'an nan ya haramta ta tare da giya a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida. Malaman fiƙihu sun bambanta caca da gasa. Sun halatta a sa kyauta a tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya bisa wasu sharuɗɗa, musamman idan wani ne daban ya fitar da kyautar daga aljihunsa. Abin da aka hana shi ne kowa ya zuba nasa, wanda ya ci ya kwashe.

2.2 Shigowar Cacar Ƙwallo Kano

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da yaƙi a watan Fabrairu na 1903, sun zauna ne a wajen ganuwa ta gabas, a yankin Nassarawa da Bompai. A Nassarawa ne Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, kuma a nan ne Filin Sukuwa yake har gobe. Wasannin da Turawa suka zo da su, irin su sukuwar fili da folo da ƙwallon ƙafa, a ƙasarsu ta asali sun daɗe da haɗuwa da al'adar sa kuɗi a kan wanda zai yi nasara.

Za a iya kasa tarihin cacar ƙwallo a Nijeriya zuwa zango uku. Zango na farko shi ne na cacar ful. John Moores ya shiga harkarta da kamfanin Littlewoods a birnin Libaful a 1923, daga nan ta bazu zuwa ƙasashe rainon Ingila. Akan buga takarda mai ɗauke da jerin wasannin Ingila na ranar Asabar, mai caca ya zaɓi waɗanda yake ganin za a tashi canjaras. Domin a ga wuyar abin, idan takarda tana da wasa 49, hanyoyin da za a iya zaɓar takwas daga cikinsu sun kai 450,978,066. A Kano an fi sanin shagunan ful a Sabon Gari, kuma ana ɗaukarta a matsayin harkar dattawan ma'aikata da baƙi.

Zango na biyu ya zo ne da tauraron ɗan Adam. An kafa gasar Firimiya ta Ingila a 1992, sa'an nan gidajen kallon ƙwallo suka cika unguwanni, har ya kasance yaron da bai taɓa fita daga Kano ba yana iya lissafa 'yan wasan Arsenal ko Chelsea kamar yadda zai lissafa na Kano Pillars. Wannan shaƙuwa ita ce ta share fage.

Zango na uku shi ne na wayar hannu da intanet. Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a 2001. A 2009 Akin Alabi ya kafa NairaBet, a 2013 aka buɗe Bet9ja, sa'an nan wasu irin su SportyBet da BetKing suka biyo baya. Wannan zango shi ne ya fi shafar farfajiyar wannan bincike. Nassarawa unguwa ce ta manyan gidaje masu dogayen katangu da ofisoshi da makarantu, ba irin wurin da za a zaci samun dandalin 'yan caca ba. To amma cacar yanzu ba ta bukatar dandali. Matashi yana iya yin ta a ɗakinsa, ko a aji, ko a bayan motar mahaifinsa a kan titin Audu Baƙo, ba tare da na kusa da shi ya sani ba. Kunyar da a da take tsare ɗan mutunci daga shiga gidan caca, yanzu babu ƙofar da za ta tsaya a kai.

2.3 Ire-iren Cacar Ƙwallo

Kowace cacar ƙwallo tana da abubuwa huɗu: wasan da za a buga, da zaɓin da mai caca ya yi, da kuɗin da ya zuba, da kuma farashi, wanda matasa suke kira od. Fitattun nau'o'inta su ne kamar haka:

(i) Cin wasa kai tsaye. A nan zaɓi uku ne: mai masaukin baƙi ya ci, ko a yi canjaras, ko baƙo ya ci. A takarda akan rubuta su da 1 da X da 2.

(ii) Rabo biyu. Mai caca ya haɗa biyu daga cikin ukun nan, misali mai gida ya ci ko a yi canjaras. Da yake damar ta ƙaru, farashin yakan ragu ƙwarai.

(iii) Sama ko ƙasa. A nan ba ruwan mai caca da wanda ya ci. Jimillar ƙwallayen da aka zura kawai ake dubawa, ko sun haura wani adadi ko sun gaza. Adadin da aka fi sawa shi ne biyu da rabi. Tun da ba a cin rabin ƙwallo, dole ɗayan biyu ya faru: uku zuwa sama, ko biyu zuwa ƙasa.

(iv) Kowa ya ci. Wato kowace ƙungiya ta zura aƙalla ƙwallo ɗaya.

(v) Ba da rata. A ɗora wa ƙungiya mai ƙarfi bashin ƙwallaye tun kafin a fara. Za a yi cikakken bayaninta a 2.5.

(vi) Jeri. A haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya. Za a yi bayaninsa a 2.6.

Bayan waɗannan akwai cacar da ake yi ana cikin wasa, inda farashi ke canzawa minti bayan minti, da kuma wasannin na'ura waɗanda kwamfuta ce take buga su ta fitar da sakamako cikin 'yan mintoci. Wannan na ƙarshe ba shi da wata alaƙa da sanin ƙwallo ko kaɗan.

2.4 Farashi da La'adar Kamfani

Farashi lamba ce da ake ninka kuɗin mai caca da ita idan zaɓinsa ya fito. Alal misali, wanda ya zuba naira 1,000 a kan farashi 2.50, idan ya ci za a ba shi naira 2,500, wato uwar kuɗinsa da ribar naira 1,500. Idan bai ci ba, dubunsa ta tafi.

Har ila yau farashi yana nuna yadda kamfani yake ganin yiwuwar abu. Idan aka raba 100 da farashi, sai a sami kashi nawa cikin ɗari ake nufi. Farashi 2.00 yana nufin kashi 50, farashi 4.00 kashi 25, farashi 1.25 kuwa kashi 80. Ke nan ƙaramin farashi alama ce ta abin da ake sa ran faruwarsa, babba kuwa alama ce ta abin da zai yi wuya.

Domin a gane inda ribar kamfani take ɓuya, a ƙaddara an jefa kwabo sama. Ko dai kai ya fito ko bayansa, kowanne kashi 50. Farashin adalci a nan shi ne 2.00. To amma mai shago ba zai ba da haka ba, sai ya ba da 1.90 ga kowane ɓangare. Idan mutum biyu suka zuba naira 1,000 kowannensu, ɗaya a kai ɗaya a baya, mai shago ya karɓi 2,000. Duk yadda kwabon ya faɗi 1,900 zai biya, ya soke 100 a aljihu. Wannan ɗarin ita ce la'adarsa, kuma bai damu da wanda ya ci ba.

Haka abin yake a ƙwallon ƙafa. A ɗauki misalin wasa mai farashi kamar haka: mai gida 2.00, canjaras 3.30, baƙo 3.60. Idan aka juya su zuwa kashi, za a sami 50 da 30.3 da 27.8. Jimilla ta zama 108.1, alhali kuwa abubuwa ukun nan su ne kaɗai za su iya faruwa, don haka bai kamata su wuce 100 ba. Wannan ƙarin na 8.1 shi ne kason kamfani. Idan jama'a suka zuba naira 500,000 a kan mai gida, da 303,000 a kan canjaras, da 278,000 a kan baƙo, kamfani ya tara 1,081,000. Duk yadda aka tashi, abin da zai biya bai wuce kimanin miliyan ɗaya ba. Saura wajen 81,000 nasa ne. Daga irin wannan rara ake biyan hayar shago da albashi da kuɗin talla a rigunan 'yan wasa. Masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

2.5 Ba da Rata: Misali Daga Ƙwallon Amurka

Abin da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa ba shi ne namu ba. Nasu ɗan'uwan zari-ruga ne, ana ɗaukar ƙwallo a hannu a ruga da ita. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe, kuma an zana masa layuka a kowane yadi biyar, har ya yi kama da ragar gasa nama. Wanda ya kai ƙwallo makurar abokan karawa yana samun maki 6, sa'an nan a ba shi damar ƙara 1 ko 2. Wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna yana samun maki 3. Babbar gasarsu ita ce NFL, wadda aka kafa a 1920, tana da ƙungiyoyi 32, kuma wasan ƙarshenta shi ne Super Bowl, wanda aka fara a watan Janairu na 1967. 'Yan Nijeriya ma sun yi suna a cikinta, kamar Christian Okoye na Inugu, wanda ya buga wa Kansas City Chiefs daga 1987 zuwa 1992.

Da yake a wannan wasa makin yana da yawa kuma da wuya a yi canjaras, sau da yawa kowa ya san ƙungiyar da ta fi ƙarfi, don haka kowa sai ya zuba a kanta. Wannan ba ya yi wa mai shago daɗi. Maganin da aka samo shi ne rata, kuma ana danganta yaɗuwarta ga Charles McNeil, wani tsohon malamin lissafi da ya koma harkar caca a birnin Chicago a shekarun 1940. Hausawa ma sun san irin wannan a tseren yara, inda babba yakan ba ƙarami rata kafin a tashi.

Ga yadda take aiki. Idan aka ce ƙungiya mai ƙarfi ta ba da ratar maki 7, wanda ya zaɓe ta ba zai ci ba sai ta yi nasara da bambancin maki 8 zuwa sama. Wanda ya zaɓi mai rauni kuwa zai ci idan ta yi nasara, ko kuma aka cinye ta da maki 6 zuwa ƙasa. Idan bambancin ya faɗa a kan 7 cif, sai a mayar wa kowa kuɗinsa. Domin kauce wa haka akan ƙara rabi, a ce 7.5 ko 6.5. Saboda yadda ake ba da maki, bambancin 3 da na 7 su ne suka fi yawan faruwa, shi ya sa rabin maki a kusa da waɗannan lambobi yake da tsada a wurinsu.

Manufar rata ita ce a mayar da kowane wasa tamkar jefa kwabo, yadda jama'a za su rabu biyu. Sa'an nan a sa farashin da aka saba, wato a zuba dala 110 a ci ribar dala 100, wanda ya yi daidai da 1.91 a irin lissafinmu. Idan mutum biyu suka zuba 110 kowanne, an tara 220, a biya wanda ya ci 210, mai shago ya riƙe 10, kimanin kashi 4.5 cikin ɗari ke nan. Abin lura a nan shi ne, wanda ya yi caca 100 ya ci rabi ya faɗi rabi bai tashi a tutar babu ba: ya sami 5,000 ya yi asarar 5,500. Ko da ya ci 52 har yanzu akwai giɓin dala 80. Sai ya ci 53 kafin ya ga ribar dala 130. Wato dole mutum ya riƙa yin daidai fiye da kashi 52.4 cikin ɗari kafin ya mayar da uwar kuɗinsa kawai.

Wannan ba yana nufin mai shago ba ya taɓa asara ba. A Super Bowl na watan Janairu 1979, an fara da cewa Pittsburgh Steelers ta ba Dallas Cowboys ratar 3.5. Da kuɗi suka yi yawa a kan Steelers sai aka ɗaga ratar har zuwa 4.5, nan kuma wasu suka zuba a kan Cowboys. Aka tashi 35 da 31, bambancin maki 4. Waɗanda suka ɗauki Steelers a 3.5 suka ci, waɗanda suka ɗauki Cowboys a 4.5 su ma suka ci. Masu shaguna a Las Vegas sun tafka asara a ranar. Sai dai asarar rana ɗaya ce, la'ada kuwa ta kullum ce.

A ƙwallon ƙafa irin tamu ana amfani da wannan dabara da sunan handikaf. Idan aka ɗora wa ƙungiya bashin ƙwallo ɗaya da rabi, sai ta ci da bambancin biyu kafin wanda ya zaɓe ta ya karɓi kuɗi. Nau'in sama ko ƙasa ma haka yake a wasan Amurka, illa dai adadin yakan kai maki 40 da wani abu.

2.6 Jeri da Dabarun da Ke Ruɗar Masu Caca

Nau'in da ya fi jan hankalin matasa shi ne jeri, saboda da kuɗi kaɗan ake hango mai yawa. Ana ninka farashin wasannin ne da juna, amma da sharaɗin dukkansu su fito. Idan ɗaya ya saɓa, sai a ce tikiti ya yanke.

A ƙaddara wani ya jera wasa 10, kowanne a farashi 1.50. Jimillar farashin ta zama 57.67, don haka naira 200 za ta iya jawo kimanin 11,500. To amma kamar yadda farashi yake ninkuwa, haka la'ada take ninkuwa. Idan kamfani yana cire kashi 5 a kowane wasa, a wasa 10 kason nasa ya kai kusan kashi 40, kuma damar fitowar tikitin ɗaya ce cikin 96. Idan aka kai wasa 20, abin da ake hange ya haura naira 665,000, amma kason kamfani ya kai kashi 64, damar kuwa ɗaya ce cikin kimanin 9,300. Wanda yake yankar irin wannan tikiti ɗaya kowace rana, a bisa matsakaicin lissafi zai shafe shekara 25 yana jira, ya kashe fiye da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, kafin ya ci dubu ɗari shida da 'yan kai sau ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni suke ba da garaɓasa ga mai jera wasanni da yawa. Sun san inda ribarsu take.

Akwai wasu zato guda uku da suke riƙe mai caca. Na farko shi ne cewa saura kaɗan. Wanda wasa 19 suka fito masa ɗaya ya yanke yakan ji kamar ya kusa, alhali a lissafi shi da wanda duka 20 suka yanke masa asararsu ɗaya. Na biyu shi ne cewa akwai wasan da babu shakka a cikinsa. Tarihi ya ƙaryata wannan. An sa wa Leicester City farashin 5,000 a kan 1 kafin kakar 2015 zuwa 2016, amma ta ɗauki kofin Firimiya, kafin Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya koma can a watan Yuli na 2016. Haka kuma Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1 a gasar cin kofin duniya ta 2022. Na uku shi ne dabarar ninkawa, wato duk wanda ya faɗi ya ninka kuɗi don ya fanshe. Wanda ya fara da naira 500, idan ya faɗi sau 10 a jere ya yi asarar 511,500, kuma sai ya zuba 512,000 a karo na 11 domin neman ribar naira 500 kacal. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Likitoci sun daɗe da gane cewa wannan bin asara ciwo ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka a 1980, a 2013 kuma ta mayar da ita rukuni ɗaya da shaye-shaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi wannan tsari a kundinta da ya fara aiki a 2022.

2.7 Matsayin Doka

Doka a kan caca ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Amurka dokar tarayya ta 1992 ta hana cacar wasanni a yawancin jihohi, in ban da 'yan kaɗan irin su Nevada, har zuwa ranar 14 ga Mayu 2018 da Kotun Ƙoli ta soke ta, ta bar wa kowace jiha ta yanke wa kanta. Duk da haka hukumomin wasanni suna hukunta 'yan wasan da suka sa hannu a ciki. NFL ta dakatar da Calvin Ridley tsawon kakar 2022, a Ingila kuma an dakatar da Ivan Toney wata takwas a 2023. A gida Nijeriya, FIFA ta haramta wa Samson Siasia harkar ƙwallo har abada a 2019 bisa zargin amincewa da karɓar cin hanci don murɗe wasa, kafin kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa shekara biyar a 2021.

A Nijeriya an yi dokar caca ta ƙasa a 2005, wadda ta kafa hukumar ba kamfanoni lasisi. Jihar Kano kuwa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, sa'an nan aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Wannan ya haifar da karo tsakanin lasisin tarayya da dokar jiha. A watan Oktoba na 2024 Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo 30 a Kano, tana mai cewa da yawansu sun fake ne da sunan gidajen kallo ko na wasan bidiyo. Ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranci shigarwa tun 2008, inda ta ce ikon yin doka a kan caca na majalisun jihohi ne, ba na Majalisar Tarayya ba, sai fa a Abuja. Da wannan hukunci, hujjar lasisin tarayya ta faɗi a Kano.

Sai dai rufe shago yana maganin abin da ido ke gani ne kawai. A unguwa irin Nassarawa, inda shagon yake cikin aljihu, kulle ƙofa ba ya isa wurin.

2.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa caca tsohuwar al'ada ce da Bahaushe ya sani kuma yake ƙyama, amma ta sake kama ta hanyar ful da gidajen kallo da wayar hannu. An kawo ire-irenta guda shida, an kuma nuna cewa farashi yana ɗauke da la'adar kamfani a ɓoye, ko a wasan ƙwallon ƙafa ko a na zari-rugar Amurka. An ga cewa ko a inda la'adar ta fi sauƙi, sai mutum ya yi daidai fiye da kashi 52 cikin ɗari kafin ya tsira da uwar kuɗinsa, kuma jera wasanni yana ninka wannan la'ada har ta haura rabin abin da aka zuba. Ke nan mutum ɗaya yana iya ci yau, amma taron masu caca gaba ɗaya ba za su taɓa karɓar abin da suka zuba ba. A babi na gaba za a dubi kalmomi da salon maganar da matasan Nassarawa suke amfani da su a wannan harka, da yadda suke sakaya sunanta don kada iyaye su gane.